Ranar da Na Kira Sunan Ɗana na Fari

Ku 'ya'yan babban ɗana nake rubuta wa wannan, musamman ke Zara'u mai bakin tsiya, da kika zo hutu kika tsare ni da tambaya, wai da gaske ne ni na jawo aka toshe ƙofar da ke tsakanin gidanmu da gidan Alhaji. Da gaske ne. Na san a wurin biki kika tsinto zancen, a bakin matan da ba su je taron ba amma sun fi waɗanda suka je sanin abin da aka yi. Wasu sun ce son mulki ne ya rufe mini ido, wasu sun ce siyasa ce ta cinye mini kunya. To, ni da na yi abin ina nan da raina da hankalina, kuma tun da Allah ya sa na yi karatun yaƙi da jahilci har hannuna ya saba da alƙalami, gara ku ji daga gare ni. Ban zo neman afuwar kowa ba. Da za a mayar da ni wannan ranar, abin da na yi shi zan sake yi.

Sai na fara da abin da ku 'yan zamani ba ku sani ba, ku da uwarku ke kwaɗa wa yayanku kira tun daga zaure ana jinta. A wurinmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya faɗi ba ita ke ɗaga shi ba. Ina da ƙuruciya sosai na haifi babanku a ɗakin Inna, mahaifiyata, a wani ƙauye cikin kwarin Badagishiri, kuma ana yaye shi Inna ta karɓe abinta. Ita yake kira Inna. Ni kuwa Yaya yake ce mini, yadda ya ji ƙannena suna faɗa, har yau bai canza ba. In ina son a nemo mini shi sai in ce “ina wancan?” ko “ku kira yaron Inna.” Da ya zama malamin lakwal, wato makarantar boko, sai Allah ya kawo mini sauƙi, gari duka na ce masa Mushe, yadda ake kiran malaman boko da Faransanci, ni ma na bi sahu. Ko wani yaro ne mai irin sunansa ya shigo sayen man gyaɗa, Mai Suna nake ce masa. Haka sunan kakanku, mijina, har ya koma ga Allah bai taɓa fita daga bakina ba. Kada ku ɗauka rashin so ne. Haka muka tarar, haka muka yi, kuma a lokacin da kunyar mace ake auna tarbiyyar gidansu.

Yanzu Alhaji. Yayan mijina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma duk wanda ya ce muku mugu ne ku turo mini shi. Da kakanku ya rasu ya bar ni da yara, Alhaji ne ya riƙe gidan. Yana da kamyo, babbar motar kaya, na ɗaukar albasa daga kwari zuwa Konni, daga can a tsallaka iyaka da ita, kuma da gumin wannan kamyon babanku ya gama karatu a Konni da Tawa. Shi ya yi masa aure, shi ya yanka ragon sunan yayanku. Tsakanin gidansa da namu akwai wata 'yar ƙofa a jikin katanga, ba ta da ƙyaure. Kowace rana akushina ya bi ta nan ya shiga, nasu ya biyo ya fito. Shekarar da fara da fari suka haɗu suka cinye gonaki, ta wannan ƙofar gero ya yi ta shigo mana, ba da tambaya ba, ba da gori ba. Mutum ne mai faɗa, mai son a yi abin da ya ce, amma hannunsa a buɗe yake.

Da aka kawo tsarin ƙananan hukumomi aka ce kowane yanki ya zaɓi kansilolinsa, su kuma su zaɓi magajin gari a tsakaninsu, sai garinmu ya zama cibiya. Alhaji da babanku duka suka shiga majalisa a jam'iyya ɗaya, baffa da ɗa, kowa na cewa gidanmu ya yi arziki. Ni kuma aka ɗora mini shugabancin matan jam'iyya, ba don komai ba sai don muryata na kaiwa ƙarshen fili ba tare da lasifika ba. Magajin garin da aka zaɓa na farko dattijo ne mai sanyin hali, Allah ya jiƙansa. Abu guda ya sa a gaba, ɗakin haihuwa, kuma babanku ne ƙafarsa a wannan aikin, shi ke zirga-zirgar Illela da Tawa a kan babur. Ku da aka haifa a kan gado ba za ku gane ba. A da, in haihuwa ta zo wa mace da gardama, amalanken jaki ake ɗora ta a kama hanyar Illela, wasu su isa, wasu a juyo da su daga tsakiyar hanya. Ginin ya kai tsayin taga ke nan sai dattijon ya kwanta ciwo, bai tashi ba.

Doka ta ce in kujerar magajin gari ta zama babu kowa, ba a komawa ga jama'a, majalisa ce ke zama ta cike gurbin da ɗaya daga cikinta. Kantoma ya aiko daga Illela da ranar zama. To, jam'iyyarmu ce ke da rinjaye, saboda haka kowa ya san ba a zauren majalisa za a yi ta ba. Duk wanda jam'iyya ta tsayar a taronta, shi ne magajin gari. Taron kuma yana da ƙa'idarsa. Mutum ba ya tsayar da kansa. Sai wani ɗan kwamiti ya miƙe ya faɗi sunansa a gaban kowa. In suna ɗaya aka faɗa, a tafa a tashi. In biyu ne, sai ƙuri'a a ɓoye, kowa da Allahnsa.

Alhaji ya san lissafin nan fiye da kowa. Yana son kujerar, bai ɓoye ba, kuma bai ɓoye abin da zai yi da ita ba. A gaban mutane ya ce ginin nan yana bakin hanya, ya fi dacewa da ma'ajiyar albasa, in albasa ta kawo haraji sai a gina ɗakin haihuwa har uku daga baya. Ba ƙeta ba ce, shi haka kansa ke aiki. Ya kuma san in aka je ƙuri'ar ɓoye zai iya shan ƙasa. Sai ya ɗauki goro ya bi mazan kwamiti ɗaya bayan ɗaya, har ƙauyukan tudu. Bai ce su zaɓe shi ba. Cewa ya yi kada a raba masa gida, kada a sa ɗa ya ja da ubansa a bainar jama'a, su yi masa alkawari ba za su kawo wani suna ba. Wa zai kalli Alhaji ya ce a'a? Duka suka ba shi baki.

Mu mata kujera biyu gare mu a kwamiti, ni da Rakiya. Rakiya ƙawata ce, mace mai zafin nama, kuma ɗiyarta ta biyu a cikin amalanke ta cika, kafin a kai Illela, da abin da ke cikinta. Da labarin goron Alhaji ya bazu, mata suka cika tsakar gidana har bakin turke. Aka yi ta magana ana tsaki, daga ƙarshe Rakiya ta miƙe.

“Ni ba ni son dogon zance,” in ji ta. “Albasa ta hi mu daraja ga maza, mun ji. To mu Mushe muka so. Shi yas san inda anka tsaya da ginin ga.”

Mata suka ɗau guɗa. Ni na sunkuyar da kai ina tsintar wake, don ba a yabon ɗan fari a gaban uwarsa ta ɗaga ido. Wata tsohuwa ta ce to wa zai faɗa a taro, tunda shugaba bakinta a ɗaure yake?

“Ni za ni hwaɗi,” in ji Rakiya. “Ita ta zamna ta yi kunyatta. Ni ban haihe shi ba.”

Aka yi dariya, aka watse a kan haka. Ban yi wa babanku zancen ba, shi ma bai yi mini ba. Mu ba mu saba irin wannan hirar ba. Na dai ji an ce da mata suka tare shi a hanya, cewa ya yi su rufa masa asiri, shi ba zai iya haɗa kafaɗa da Baba ba.

Ranar taro na yi wanka na ɗaura zanena na jam'iyya, na biya gidan Rakiya don mu tafi tare. Na tarar da ƙofarta a rufe. Maƙwabciyarta ta leƙo ta ce ai tun da sassafe mijinta ya sa ta a gaban kamyo sun yi Konni, wai gwaggonta ce ba lafiya. Mijin Rakiya direban Alhaji ne. Na tsaya a ƙofar nan. Ba sai an yi mini bayani ba. Sun zauna sun ƙirga bakunan da za su iya buɗewa, sun rufe na maza da goro, sun ɗauke Rakiya da mota. Ni ko wahalar zuwa wurina ba su yi ba. Sun san uwarsa ce ni, sun bar wa kunya aikin.

A ɗakin lakwal aka yi taron, muka cusa jikinmu cikin bencin yara, manya da manyan riguna gwiwa na dukan tebur. Ina shiga wani na hannun daman Alhaji, Na-Allah, mutum mai dariya kafin a ba da labari, ya tare ni.

“Hajiya, barka da zuwa. Yau aikinki guda na, in an gama ki yi muna guɗa.”

Na ce masa Allah ya kai mu. Na nemi wuri can gefe na zauna ni kaɗai, mace ɗaya tal a cikin ɗakin, sauran matan suna waje sun yi cincirindo a tagogi. Babanku yana layin baya, kansa a ƙasa. Alhaji yana gaba da carbinsa. Jam'iyya ta aiko da wakili daga Tawa ya jagoranci taron, wani saurayi mai tabarau, bai san kowa ba a cikinmu. Aka yi addu'a ga marigayi, ya karanta ƙa'ida, ya ce a kawo sunaye. Na-Allah ya miƙe ya faɗi sunan Alhaji da na mahaifinsa, ya ƙara da kirari. Aka tafa. Wakilin ya rubuta, ya ɗaga kai.

“Akwai wani suna?”

Babu wanda ya miƙe. Mazan da na san sun sha cewa a bayan ido Mushe ya fi cancanta, kowa ya sami abin kallo, wani farcensa, wani rufin kwano. Na ji idanun matan taga a bayan wuyana. Wakilin ya sake tambaya, ya fara mayar da murfin alƙalaminsa. Ban san lokacin da na miƙe ba, bencin ma sai da ya biyo ni.

“Mata sun aiko ni,” na ce. “Mushe suka so.”

“Wane Mushe, Hajiya? Ina ganin malamai sun hi ɗaya cikin ɗakin ga. Ki ba ni suna cikakke, nashi da na mahaihinai.”

Ɗakin ya ɗauki wani irin gunaguni, Na-Allah ya tuntsire da dariya.

“Ranka shi daɗe, uwatai ta. Ɗan hwari na. Uban kuma mijinta na. Wane za ta hwaɗi cikin biyun?”

Yaron nan na Tawa ɗan mutane ne, nan take ya gane, har ya cire tabaransa ya sunkuyar da kai. Ya ce in yi haƙuri, bai sani ba. Ya ce shi ba zai iya rubuta laƙabi ba, amma ƙa'ida ta yarda wani ɗan kwamiti ya faɗa a madadina. Ya dubi dama, ya dubi hagu. Ni ma na bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, mutanen da na yi wa girkin suna da na biki, waɗanda na san su tun ba su da wando. Babu wanda ya yarda muka haɗa ido. Na ce to a ba ni alli in rubuta a allo, ai na iya.

“A'a,” in ji Na-Allah. “Ƙa'ida tac ce a miƙe a hwaɗi. Ni da baki nih hwaɗi nawa, kowa ya ji.”

Gaskiyarsa ce, haka aka karanta mana. Wakilin ya ce in ba a samu ba zai rufe. Alhaji bai juyo ba, carbinsa kawai yake ja, hankalinsa kwance, don ya san ni tun ranar da aka kawo ni gidansu a lulluɓe, bai taɓa jin na musa masa ba.

Ba zan ce muku ban ji tsoro ba. Na tuna Inna, na tuna abin da za a ce. Amma abin da ya tsaya mini a ido shi ne ranar da aka juyo da ɗiyar Rakiya, ni na taya sauke ta daga amalanken, jikinta da sauran ɗumi. Na ce a raina, yanzu mata su aiko ni da saƙo ɗaya, in mayar musu da shi in ce kunya ta hana? Kuma abin da ya fi ba ni haushi, da kunyar tawa aka yi lissafi, kamar jakin da aka san inda yake tsayawa. Na gyara mayafina, na dubi allo, ban dubi kowa ba.

“Sha'aibu,” na ce. “Sha'aibu Hamidu.”

Da muryar fili na faɗa, wadda ake ji a ƙarshen taro. Wani tsoho ya saki salati. A taga wata ta ce wayyo, wata ta rufe fuska da zane. Carbin Alhaji ya tsaya. Dariyar Na-Allah ta maƙale masa, bakinsa a buɗe. Ni kuwa na koma na zauna, zuciyata wasai.

Wakilin ya rubuta, ya ce wanda aka ambata ya miƙe ya faɗa ko ya karɓa. Babanku ya daɗe bai motsa ba. Da ya miƙe, bai dubi wakilin ba, bayan Alhaji ya duba.

“Baba, ka gahwarce ni,” in ji shi. “Da niyyar ƙi niz zaka. Ko wa yah hwaɗi sunana, cewa za ni yi a bar ma Baba. Amma wagga da tah hwaɗi, ba ni iya maida mata shi. Na karɓa.”

Aka yayyaga takarda aka raba, kowa ya juya baya ya yi abin da zai yi, aka zuba a kwali. Da aka ƙirga, mutanen nan masu kallon farce da rufin kwano ashe yawancinsu suna da ra'ayi. Ratar ba ta da yawa, amma babanku ne a sama. Matan waje suka ɓarke da guɗa. Ni ban yi ba, Na-Allah bai samu abin da ya nema ba.

A bakin ƙofa Alhaji ya tsaya har na iso. Mutane suka ja baya. Na durƙusa yadda na saba.

“Tashi,” in ji shi. “Kujera ba komi ba ta. Ɗana na, in yac ci ni nic ci. Amma ke, sunan ƙanena da ke kabari, da na ɗanki na hwari, gaban maza, cikin lakwal? Kin tuɓe ma gidanmu zane. Na ɗauka na san ki.”

Na ce masa Alhaji, da an bar Rakiya a gari da ban buɗe baki ba. Ya juya ya shiga mota.

Da yamma na aika akushi yadda aka saba, ya dawo ko buɗe shi ba a yi ba. Washegari na ji ƙarar magini, na fito na tarar ana jera tubali a 'yar ƙofar nan. Ina tsaye da tsintsiya a hannu har aka shafe ta da laka. Ranar zaman majalisa, da kantoma ya zo, Alhaji da kansa ya jefa wa babanku ƙuri'a, ya rungume shi a gaban jama'a, har ƙarshen ransa yana kiransa ɗansa. Ni ce bai yafe wa ba. In mun haɗu a hanya na gaishe shi zai amsa, lafiya, lafiya, iyakarta ke nan. Shekaru muka yi a haka, katanga ɗaya tsakaninmu, ina jin tarinsa yana jin dakana. Da ya kwanta ciwon ajali na zagaya ta waje na shiga ta zaure kamar baƙuwa, na gaishe shi, ya ɗaga mini hannu kawai. Wannan ya yi mini ciwo, har gobe yana yi mini. Mutumin da ya ciyar da 'ya'yana ne, kuma ina sonsa so na ɗan'uwa.

Inna kuwa kafin in kai mata labari ya riga ni, a bakin 'yan kasuwar Badagishiri. Na same ta a kan tabarma, idonta ya riga ya yi rauni, amma kunnenta ras.

“Da bakinki?” ta ce.

Na ce da bakina.

“Ni nir rene shi don kada wata rana ki buƙaci kiran sunanai. Mi za ni ce ma mata? Su ce ban koya miki komi ba?”

Ta juya fuska ga bango. Sai da kaka ta yi aka kai amfanin gona gida sannan ta sake cin abin hannuna, shi ma don babanku ya je ya roƙe ta, ita kuwa ba ta iya ce masa a'a.

Abin da zai ba ku dariya, ko haushi, su ne matan. Rakiya ta dawo daga Konni tana kuka, gwaggon nan ta same ta garau tana cin tuwo, ta rungume ni ta ce na fi ta zama mace. Amma da yawa cikin waɗanda suka cika mini gida da guɗa, su ne suka daina kirana wankan amarya da sa lalle. Wai ba a son amarya ta ɗauki halin wadda ba ta da kunya. Ni da babu auren da ake yi a unguwa ba da hannuna ba, sai dai in ji kiɗa daga nesa. Su ɗin dai, da aka rufa wa ginin kwano aka kawo ungozoma ta likita, su suka fara kai 'ya'yansu. Na gan su a layi, na gaishe su da kyau, na tambaye su mai jiki. Ban yi wa kowa gori ba, kallo ya ishe ni.

Ranar da aka ɗaura wa babanku ɗamarar magajin gari ban je ba. Uwa ba ta zuwa kallon irin wannan, kuma ni a ganina na riga na yi nawa. Ya yi kwanaki bai leƙo ba, mutane sun yi masa yawa, ni ma ban neme shi ba, don ban san da wane ido zan dube shi ba. Sai wata rana bayan la'asar, ina zaune a ƙofar ɗaki ina tsintar wake, na ji sallamarsa. Shi kaɗai ya zo, ba 'yan rakiya. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya tsuguna a gefen ƙofa inda ya saba, yana kallon turken awaki, ni ina kallon faifaina. Muka gaisa. Ya tambayi ƙafata, na tambayi yara. Na ɗauka zancen Alhaji ya kawo shi, ko na ginin.

“Yaya,” in ji shi.

Na ce ina ji.

“Ashe kin san shi.”

Na ce me?

“Sunan.” Ya yi 'yar dariya, ba ta kai ko'ina ba. “Ina yaro, ni dut zatona ba ki san shi ba. In kin zaka gidan Inna, sai in tara yara in ce su yi ta kirana da ƙarhi bayan danga, ko kin ji ki riƙe. Sai in shigo in tsaya kusa gare ki, ki ce ma Inna, wancan ya ci abinci?”

Wake ya fara yi mini biyu-biyu a ido. Na tuna yaran nan da ihunsu a bayan danga, ni a lokacin har faɗa nake yi musu, na ɗauka ƙiriniya ce.

“Ina ji,” na ce masa. “Dut ina ji.”

Na ci gaba, idona a kan faifai.

“Kai, tun randa anka raɗa maka shi, babu sallar da niy yi ban hwaɗe shi ba. Goshina na ƙasa nika hwaɗi. Mutane na ban hwaɗa ma ba.”

Sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Magajin gari guda, da babbar riga, a tsugune a ƙofar ɗakina yana kuka ba sauti. Na duba tsakar gida, babu kowa sai awaki. Na ajiye faifan, na miƙa hannu na zame masa hula, na dafa kansa. Rabon hannuna da kan nan tun yana goye. Na tarar furfura ta riga ta fara fito masa.